Gishiri a Kan Dutse

Ni dai ba neman Allah ne ya kai ni zawiyar nan ba, kada wani ya ɗora mini waliccin da ba ni da shi. Mijina na je ɗaukowa. Zaitun ya nuna har yana zuba da kansa, rufin ɗakin girki yana yoyo, awaki sun raina ni, shi kuwa Bushta yana can ƙwanƙolin dutse cikin faƙirai, yana cin ma'ajun, kwaɓin nan mai bugarwa, yana jiran a buɗe masa ƙofar sama.

Lokacin Sifaniyawa ba su bar birnin Tatwan ba, ni kuma ƙafafuna suna da ƙarfinsu. 'Ya ɗaya tal Allah ya ba mu, Shama. Zazzaɓi ya kama ta daidai sanda haƙoranta na gaba suka faɗi, ya tafi da ita kafin sababbin su fito. Da aka dawo daga maƙabarta Bushta ya zauna bakin ƙofa, daga ranar bai ƙara zama mutum ba. In na ajiye masa gurasa ya ci, in ban ajiye ba bai tambaya. Mu kwanta kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ina jira ya miƙo hannu, wataƙila shi ma yana jira, ni kuwa na rantse a raina ba ni zan fara ba. Wata safiya na dawo daga tatsar awaki na tarar babu jallabiyarsa a jikin ƙusa.

Kowa a ƙauyenmu ya san abin da ke kai mutum wurin faƙiran nan. Suna da ma'ajun irin nasu, ganyen kif, wato wiwi, da ƙwayar wata ciyawa harmal da wasu abubuwan da ba sa faɗa, a kwaɓe cikin zuma. An ce wanda ya ci yana ganin abin da ido ya rasa. Limaminmu yana tsine wa abin a kan mumbari, mata su saurara tsit, su koma gida su yi ta raɗa cewa ɗan wance ya ga mahaifinsa a can sanye da fararen kaya. Saboda haka ban buƙaci kowa ya gaya mini ba. Bushta ya tafi ganin Shama ne, bai kuma ce in zo mu je ba. Wannan ya fi tafiyar tasa ƙona mini rai. Ni na haife ta, ni na rufe mata ido, amma shi ke zaune yana kallonta, ni ina bin akuya. Namiji in baƙin ciki ya ishe shi akwai zawiya. Mace kuwa akwai tatsa da ɗibar ruwa.

Na haƙura har rani ya wuce, kaka ta shigo. Ranar da reshen zaitun ya karye saboda nauyin 'ya'ya ba mai kaɗewa, na kai wa maƙwabciyata Lalla Rahimu awakin. Ta dube ni, na ɗaura zanen kasuwa mai ratsin ja, na kafa malfa.

"Wannan kwalliya duk don mutumin da ya rabu da sabulu?"

"Don hanya ce, Lalla."

"To in kin same shi ki fara shinshina shi kafin ki kawo mana shi gari. An ce da kyanwoyi suke kwana."

"Naki da ke kwana a gida wane turare yake yi?"

Ta yi dariya, ta cusa mini busasshen ɓaure a bakin zane. Sai da na juya ta ce a hankali, "Mannana, in ya ƙi fa?" Tambayar da na kwana da ita ke nan, na kama hanya.

Gajimare ya sauko kan dutsen ranar, ina tafe ina shiga fari ina fita. Wani lokaci in ga hanya, wani lokaci sai ƙafafuna kaɗai. Ƙarar ganga na fara ji, can ƙasa-ƙasa, ban san ta wace fuska take zuwa ba. Sai kyanwa ta fito daga cikin farin nan ta tsaya tana kallona, wata ta biyo ta, wata kuma, na bi su har ƙofar zawiya.

Gini ne gajere mai farar ƙasa, da tsakar gida mai faɗi. Faƙirai suna zazzaune jikin bango da riguna masu faci bisa faci, gashi ya sauko musu kafaɗa. Wani yana kaɗa ganga idonsa a rufe, wani yana jan carbi mai manyan 'ya'ya, wani kuma yana ta yi wa tafin hannunsa murmushi. Babu wanda ya ɗaga kai. A tsakiya wani tsoho ya durƙusa yana zuba wa kyanwoyi madara a fasasshen kasko.

"Salamu alaikum. Ina mai gidan nan?"

"Wa alaikumus salam. Mai gidan yana ko'ina, 'yata. In muƙaddami kike nema, ga shi yana yi wa kyanwa bauta."

"Sidi, ban hawo dutsen nan don wa'azi ba, muna da liman a gida."

Ya ɗago ya dube ni da ƙananan idanu masu dariya. "Ke ce Mannana."

"Wa ya ce?"

"Sallamar. Mijinki ya ce in kin yi sallama kamar kina korar akuya daga gona."

Shi ne Si Tuhami. Ya sa aka kawo mini shayi, na ce ba na sha, na sha. Na tambaye shi me suka yi wa mijina.

"Mu? Gurasa muka ba shi da wurin kwana. Ma'ajun kuwa ba ya zuba wa mutum komai, 'yata. Murfi kawai yake ɗagawa. Wata tukunyar a tarar da nama, wata ruwa zalla, wata kuma da ba a buɗe ba ya fi. Kin ga wancan mai yi wa hannunsa dariya? Malami ne a da. Mun buɗe, ba mu iya rufewa ba. Ina roƙon Allah gafara a kansa kullum."

"Ta mijina fa?"

"Tasa abu ɗaya ne a ciki tun ranar da ya zo. An dafa masa, an zuba masa, ya ƙi ci."

"Yana ganinta?"

"Wa?"

"Kada ka yi mini haka, Sidi."

Ya shafa bayan wata baƙar kyanwa. "Abin da mutum ya gani nasa ne. In ya ga dama ya sam miki."

Ya ce Bushta ya ci nasa ma'ajun tun hantsi, yana can bakin marmaro a ƙarƙashin ɓaure, wurin da yake halwarsa. Ya ce in jira rana ta faɗa bayan dutse, sannan abin zai sake shi. Da ya ga na fara gyara zane, sai ya gaya mini dokokinsu. Wanda ya ci ba ya taɓa abin da ya gani, ko da uwarsa ce. Wani ya taɓa miƙa wa tasa uwar hannu, ta yi baya, ya bi ta, ta yi baya, aka tsince shi a gindin kwazazzabo. Kuma kowa yana tafiya da ɗan ƙullin gishiri. In baƙo ya zo maka, ka ajiye masa a kan dutse. Mutanen ɓoye ba sa cin gishiri, wannan ko yaro ya sani, shi ya sa ake dafa musu nasu lami. In ya ci, ɗan Adam ne. In bai ci ba, ka saurari abin da ya zo da shi, ka bar shi ya wuce.

"Ki jira, 'yata," in ji shi. "Yanzu in kin je ba ke zai gani ba."

Na yi masa godiya, na ajiye kofi, na bi hanyar marmaro. Ban taɓa iya jira ba, ba kuma ranar zan koya ba.

Gajimaren ya yaye a can ƙasa. Ruwa yana fitowa daga tsagar dutse ya taru a wani ɗan kwari, ganyen ɓaure rawaya yana yawo a kai. Bushta yana zaune ya jingina da itacen, ya danne hannuwansa a ƙarƙashin cinyoyinsa. Ya rame har na ga ƙashin wuyansa. Gemun da nake yi masa tsiya don bai cika ba ya cika, har da furfura. Na taho da maganganu cike da baki tun daga gida, na jera su a hanya, na san wadda zan fara da ita. Ya ɗago kai ya gan ni, ya yi murmushi irin wanda rabona da shi tun muna sababbin aure.

"Yau kin makara," in ji shi.

Maganganun suka tsere.

"Zauna mana. Ga wurinki na share."

Da gaske akwai wani faffaɗan dutse a gabansa, an share ganyen da ke kai. Na zauna. Ya zaro hannu ɗaya, ya kwance ƙulli, ya zuba gishiri kaɗan a tsakaninmu, ya mai da hannun ya danne. Bai ko jira ya ga abin da zan yi ba, ya ci gaba da magana, kamar wanda ya tsaya a tsakiyar hira jiya.

"Kin ji ɓauren yau? Yana numfashi a hankali, sanyi ya fara kama shi. Da na zo nan, Mannana, na ɗauka ni kaɗai ke numfashi a duniya, kuma abin ya ishe ni. Ashe kowa yana yi. Dutsen nan ma yana yi, sai dai nasa dogo ne, tun da na zo bai gama shaƙa ɗaya ba. In ka yi shiru sai ka ji duk suna ɗaya suke kira, kai kaɗai ne kake ta kiran naka."

Na kalli gishirin. Na san da na lasa magana ta ƙare, zai san ni ce, ya koma Bushtan bakin ƙofa mai amsa "to". Wannan da ke gabana kuwa bakinsa a buɗe yake. Shekarun da muka yi tare ban taɓa jin ya jera magana haka ba. Na naɗe hannuwana na bar gishirin a wurin.

"Jiya na tuna ranar da kika faɗa rafi da kwandon cuku," in ji shi. "Kika tashi kina zagin rafin da uwarsa da ubansa. Ranar na ce wa babana ita nake so. Ban taɓa gaya mata ba."

"Wa?"

"Ta gida. Ke ai kin sani." Ya yi ajiyar zuciya. "Ita ƙarfi gare ta. Da muka rufe yarinyar, washegari ta tashi ta tatsi awaki. Ina zaune ina jin ƙarar nono a cikin ƙwarya, na ce wannan mata ba ta buƙatar gawa ta biyu a gida. In na miƙa mata hannu me zan ba ta? Hannun babu komai. Sai na ce bari in je inda ake cika shi."

"Ya cika?"

"Kullum sai kin yi wannan tambayar."

Nan ne haƙurina ya ƙare. Wata tana zuwa da fuskata, tana zama a kan dutsen da aka share mata, tana jin abin da ni ya kamata in ji tun kan shimfiɗata. Na dangwali gishirin da yatsa uku na watsa a baki, na tauna da ƙarfi don ya ji ƙarar.

"To ka gani. Na ci. Ni ce, Bushta, ta gidan. Tashi mu tafi, zaitun yana ruɓewa."

Ya dube ni da tausayi, ya girgiza kai.

"Tun farkon kaka kika fara ci," in ji shi. "Da farko na yi murna, na tashi da gudu na faɗa cikin ruwan nan. Si Tuhami ya ce wanda baƙonsa ya koyi cin gishiri, ba shi da sauran magani a zawiya. Ina ajiye miki ne kawai don kada ki ce na daina karramawa."

Ban san sanda na miƙe ba. Na gaya masa rufi, na gaya masa awaki, na gaya masa abin da mata ke faɗa a bakin rijiya, na haɗa da kakarsa wadda ba ta yi mini komai ba. Yana saurare yana gyaɗa kai, fuskarsa cike da jin daɗi.

"Haka take yi," in ji shi. "Har da yatsan nan. Yau kin iya ta sosai."

Taku ɗaya ne tsakaninmu. Da na kama kunnensa na murɗa, wataƙila da an wuce wurin. Hannuna har ya tashi. Amma tun ranar maƙabarta fatarmu ba ta haɗu ba, ga shi na hawo dutse, na ci gishiri kamar akuya, sannan kuma ni zan fara taɓawa? Na mai da hannun.

Sai idona ya faɗa kan wani ganyen ɓaure a gefensa, da ragowar ma'ajun a ciki, baƙi, kamar girman dabino. Zuciyata ta ce, shi ya sha kallon Shama wata da watanni, ke ko sau ɗaya. Na ɗauka na jefa a baki. Zuma ce a sama, a ƙasa kuwa ɗaci ne mai kama maƙogwaro. Na kora da ruwan marmaro, na koma kan dutsena.

"Yau da sabon salo kika zo," in ji Bushta, ya lumshe ido yana zikiri ƙasa-ƙasa.

An daɗe ban ji komai ba. Na ce a raina, ashe wannan ne abin da ya hana maza aiki. Ina cikin shirya yadda zan ba Lalla Rahimu labari sai na lura ruwan ya daina gudu a waje, ya koma yana gudu a cikin kunnena. Na ɗaga hannu in gyara malfa, hannun ya bar wasu hannuwa a bayansa, suna biyo shi a hankali. Ganyen da ke kan ruwa suka yi haske ta ciki. Ratsin jan zanena ya fara tafiya, ya sauka daga cinyata ya bi ƙasa ya shiga ruwa. Tsoro ya kama ni, na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya kamar yadda na ga ya yi.

Na ce, Shama. Ban san ko da baki na faɗa ba. Na ce, Shama, ga Inna ta zo. Na kafa ido a kan ruwan ina jiran ɗan giɓin haƙoran nan.

Gidana aka nuna mini. Daga sama nake ganinsa, kamar na hau itacen zaitun ina leƙe. Ga rufin da ke yoyo, ga turken awaki, ga wata mata tana hawowa daga kwari da damin itace a baya, igiya ta ratsa mata ƙirji. 'Yar ƙarama ce, ban taɓa sanin haka take ƙarama ba. Tana tafe tana faɗa da duwatsun hanya. Ta shiga gida ta hura wuta, ta ɗauko kwano uku, ta tsaya, ta mai da ɗaya, ta sake tsayawa, ta mai da wani. Ta ci abinci a tsaye tana fuskantar bango. Damin itacen yana bayanta har yanzu, da shi ta ci, da shi ta kwanta, ba ta ma san bai sauka ba.

Na ce, kai, wa zai gaya wa baiwar Allah nan ta sauke. Sai na ji ba ni kaɗai ke kallonta ba. Akwai wani kallo a bayan nawa, mai faɗi, wanda ya riga ni zuwa. Yana kallonta, yana kallon tururuwar da ke jan ɓarɓashin gurasa a ƙarƙashin ƙafarta, yana kallon ɗan tudun ƙasa a maƙabarta da ciyawar da ta fito a kai, duka da kallo ɗaya, ba ya fifita wani, ba ya kuma ɗauke ido. Babu faɗa a cikinsa. Ni da na saba duk wanda ya kalle ni sai na tanadi amsa, na laluba ban sami abin da zan ce ba. Ban ji murya ba, ban ga haske daga sama ba, kada a ƙara mini. Na dai ji an sa hannu an kwance igiyar nan daga ƙirjina.

Kukan da ya fito ban san ina da shi ba. Ba irin na gidan makoki ba ne, mai tsari, wanda mata ke karɓa wa juna. Wannan kamar na akuyar da aka raba da ɗanta ne, da majina, da shessheƙa. Ɓauren yana numfashi a kaina, gaskiyar Bushta, ina jin sa. Ruwa yana kira, dutse yana kira, ni ma ina cikinsu da nawa mummunan sautin, ba kuma wanda ya ce in yi shiru. Can nesa na ji zikirin Bushta ya tsaya.

"Ba kya kuka," in ji shi. "Ba ki taɓa yi ba."

Ina can ina bin matar nan, ta zauna a bakin ƙofa, a daidai wurin da Bushta yake zama, ta miƙe ƙafafu, rana tana dukan fuskarta. Na daɗe tare da ita. Mun yi shiru mu biyu, abin da ba mu taɓa yi ba.

Har yau in an tambaye ni daga Allah ne ko daga ciyawa, sai in ce ban sani ba. Liman ya ce haram ne, ban yi musu da shi ba, ban kuma sake kai abin bakina ba. Na ga malamin nan mai yi wa hannunsa dariya. Amma sallar da na yi bayan ranar ba irin ta da ba ce, wannan kam na sani, don da ina yi ne kamar mai kai ƙara.

Sanyi ne ya fara dawo da ni. Ratsin zanena ya koma wurinsa, ruwa ya fita daga kunnena. Rana ta taɓa bakin dutse, inuwa ta rufe marmaron. Na ga Bushta ya jawo hular jallabiyarsa ya rufe fuska har haɓa.

"Me kake yi?" Muryata ta dishe.

"Lokacinki ya yi. Ba na son in ga tafiyar. Sauka lafiya, Mannana."

Ya zauna a haka. Ni kuwa na rarrafa gefe na amayar da ma'ajun da gishiri da shayin Si Tuhami da ɓauren Lalla Rahimu. Na wanke baki, na tsine wa harmal da wanda ya fara shuka shi, na dawo kan dutsen da jan gindi don ƙafafuna sun ƙi. Ranar ta faɗa. Tsuntsaye suka gama hayaniyarsu. Daga sama aka fara kiran magariba da wata tsohuwar murya.

Ya ɗaga hular a hankali. Idanunsa sun koma nasa, ƙanana, jajaye, na mai jin yunwa. Ya kalli dutsen da ya saba gani wayam. Ya kalle ni, da kumburarrun idanu, da malfa a karkace. Ya rufe ido ya buɗe. Ya kalli gishirin da aka dangwala, ya kalli ganyen ɓauren da babu komai a ciki.

"Ba ki tafi ba."

"Da wace ƙafar?"

Na ga kunya ta hau masa fuska, yana tuna abin da ya faɗa ɗaya bayan ɗaya, na ga ya fara komawa cikin kansa kamar kunkuru. Na ce in ya shige yanzu ba zan ƙara fito da shi ba.

"Ban gan ta ba, Bushta," na ce. "Na ci don in gan ta. Na kira, na kira. Ba ta zo ba. Kai da kake ganinta kullum, gaya mini, haƙoran sun fito?"

Ya girgiza kai.

"Ban taɓa ganinta ba," in ji shi. "Ko sau ɗaya. Ranar farko na ci na zauna nan ina kiranta, sai ga ki. Na ce an yi kuskure. Na ƙara, sai ga ki. Na yi azumi, na yi halwa, na roƙa har muryata ta tafi, in an ɗaga labulen ke ce a tsaye da tulu. Si Tuhami ya ce, an nuna maka hanyarka, tashi ka bi. Na ce ba ita na zo nema ba. Ya ce ai ba kai ke zaɓa ba."

"Shi ne ka zauna kana hira da ita, ni ina can."

"Ita ba na jin tsoronta."

Duhu ya fara taruwa a gindin itatuwa. Na yunƙura in tashi, gwiwoyina suka lanƙwashe, na koma zaune.

"To ga ni," na ce. "Ƙafafun nan ba nawa ba ne yau. Ko ka bar ni nan kyanwoyinku su cinye ni, ko ka san yadda za ka yi."

Ya zaro hannuwansa daga ƙarƙashin cinya. Sun yi fari saboda dannewa, ya tsaya yana kallonsu kamar na aro. Ya taso, ya durƙusa a gabana ya juya mini baya, yadda yake yi wa Shama in ta gaji a hanyar kasuwa. Bai miƙo hannu ba, ni ma ban miƙa ba. Na dai faɗa gaba, shi kuma ya tare, har yau ba mu daidaita a kan wanda ya fara ba. Warin hayaƙi da kyanwa ya cika mini hanci. Ya yunƙura ya miƙe, ya yi tangaɗi, ya dafa ɓauren. Maimakon ya hau wajen zawiya sai ya juya ya fuskanci gangara.

Ya yi 'yan taku ya tsaya. Na ji bayansa yana girgiza a ƙirjina.

"Mene ne kuma?"

"Kina da nauyi," in ji shi, yana kuka. "Mannana, kina da nauyi."

"To riƙe da kyau," na ce, "hanyar da nisa."